Joyistik ko maus a wasan tuƙa kumbo: a riƙa tunawa da hannun hagu

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a wannan jarida tamu mai farin jini in tofa albarkacin bakina kan wata gardama da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa tsakanin masu buga wasannin tuƙa kumbo a kwamfuta: shin sandar tuƙi ta joyistik ce ta fi, ko kuwa maus? Na san wasu daga cikin iyayenmu masu karatu za su ce wannan ai shiririta ce. Su yi mini afuwa. 'Ya'yansu na buga waɗannan wasanni, kuma kuɗi ake zubawa wajen sayen kayan, don haka gara a san abin da ake saye.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake tarbar sabon shiga. Da ya yi tambaya sai wani ya ce masa in bai mallaki joyistik da totur na hannu mai ƙara wa kumbo gudu ba, to ba tuƙi yake yi ba, wasan yara yake yi. Wani kuma ya taso ya ce joyistik kayan ado ne, mai maus zai kakkaɓo shi kafin ya ƙifta ido. Na daɗe ina amfani da duka biyun, kuma a ganina ɓangarorin nan biyu hannun dama kawai suke kallo, alhali matsalar tuƙa kumbo tana hannun hagu.

Bari in fara da hannun daman, tunda a kansa ake ta hayaniya. Maus da joyistik ba umarni iri ɗaya suke ba kwamfuta ba. Maus wuri yake nunawa: ka matsar da hannunka kaɗan, alamar saiti ta tafi daidai inda kake so ta tsaya cak. Joyistik kuwa saurin juyawa yake faɗa. In ka karkata shi kaɗan, kumbon ya riƙa juyawa a hankali. In ka kwantar da shi, ya juya da ƙarfi. In ka saki, sifirin da ke cikinsa ya dawo da shi tsakiya. Saboda haka mai joyistik da ke son saita abokin gaba sai ya fara juyawa, ya kintaci lokacin da hancin kumbonsa zai iso, sannan ya saki kafin ya wuce. Mai maus sau ɗaya zai motsa hannu ya gama. A wajen saita ƙaramin abu mai nisa, maus ya fi, kuma duk mai musun wannan son zuciya ne kawai ke damunsa.

Amma a bar mai maus ya bi kumbon da ke ta zagaye shi. Zai ja hannu har ya kai bakin tebur, ya ɗaga maus ɗin, ya mayar da shi baya, ya sake ja, kuma a duk ɗagawar nan kumbonsa ya daina juyawa. Masu ƙera wasanni sun nemi mafita ta hanyar sa maus ya kwaikwayi joyistik: a zana da'ira a tsakiyar allo, gwargwadon nisan alamarka daga tsakiya gwargwadon saurin juyawarka. Dabarar na aiki, sai dai maus ba shi da sifirin. Idonka ne zai riƙa laluben tsakiya, alhali idon na da wani aikin. Mai joyistik yatsunsa kawai zai sassauta.

Wanda ya san tarihin waɗannan wasanni ba zai yi mamakin gardamar ba. Wing Commander na 1990, da X-Wing na 1993, da TIE Fighter na 1994, duk an gina su ne a kan salon dogon artabun jiragen yaƙi na Yaƙin Duniya na Biyu, ka bi bayan abokin gaba ka manne masa. Joyistik aka yi wa wannan salo, kuma a wancan zamani masu buga wasa a kwamfuta da yawa suna da shi. FreeSpace 2 ya fito a 1999, ya sha yabo amma bai yi kasuwa ba, daga nan harkar ta yi sanyi. Da Freelancer ya zo a 2003, da maus aka tsara shi tun daga tushe, bindigogin kumbon na bin alamar maus duk inda ta nufa, har ma bai zo da tsarin joyistik ba. Sai a 2012, da jama'a suka tara wa masu ƙera wasanni biyu kuɗi, David Braben na yin Elite Dangerous, Chris Roberts kuma na yin Star Citizen, sannan kasuwar sandunan tuƙi ta sake farfaɗowa. To ka ga mutum biyu na iya yin rantsuwa a kan abu biyu mabambanta kuma kowa na da gaskiya, don ba wasa ɗaya suka taso da shi ba. A Elite Dangerous da gangan aka rage saurin juya hancin kumbo hagu da dama, dole sai ka mirgina sannan ka ja hancin sama, abin da ya yi wa joyistik daidai. A Everspace kuwa, wanda harbi da zulliya ne jigonsa, maus ne ke cin kasuwarsa.

Yanzu ga inda nake son a tsaya a duba da kyau. Jirgin sama inda hancinsa ya nufa nan yake tafiya, domin iska ce ke riƙe da shi. Kumbo ba ruwansa da wannan. Motsi shida gare shi: uku na juyawa, wato ɗaga hanci ko sunkuyar da shi, karkata shi hagu ko dama, da mirginawa, sai uku na gusawa, wato gaba da baya, gefe da gefe, sama da ƙasa. Kumbo na iya fuskantar gabas yana tafiya arewa. Tun a 1995 wasan Descent ya nuna wa mutane haka, kuma da yawa sun sha jiri kafin su saba. Maus motsi biyu yake ɗauka. Joyistik biyu, ko uku in ana murɗa shi. Totur ɗin da ake haɗawa da shi, irin wanda aka kwaikwayo daga jiragen yaƙi, gaba da baya kawai ya sani. To ina sauran? Ana watsa su a kan maɓallan kibod ko wani ɗan ƙaramin maɓalli a ƙarƙashin babban yatsa. Shi kuwa maɓalli abu biyu ya iya, a kunne ko a kashe, tamkar motar da toturinta ko dai a take shi har ƙasa ko a ɗage ƙafa gaba ɗaya.

Duk wanda ya taɓa shigar da kumbo tashar sararin samaniya a Elite Dangerous da hannunsa ya san abin da nake nufi. Tashar na juyawa, ƙofarta siririya ce mai faɗi, ga wasu kumbuna na fitowa. Sai ka daidaita mirginawarka da ta tashar, ka kutsa, ka nemo lambar filin da aka ba ka, ka tsaya a samansa, sannan ka sauka a tsaye. A nan ba wanda kake harbi, iya saitin maus bai ƙare ka da komai ba. Abin da kake bukata shi ne ka gusa dama kaɗan, ka sauko a hankali. Da kibod sai dai ka riƙa ɗan taɓa maɓalli kana saki, taɓa, saki, kumbon na zabura yana wuce wurin, ka taɓa na kishiyarsa ya sake wucewa. In kuma ka kashe na'urar da ke taimaka maka tsayar da kumbo, to duk motsin da ka fara ba zai tsaya ba sai ka soke shi da kanka, da ƙarfi daidai wanda ka fara shi da shi. Haka abin yake a wasan Kerbal Space Program in ana haɗa kumbo biyu a sama: hannu ɗaya na kan maɓallan juyawa, ɗayan na kan na gusawa, gumi na keto wa mutum a kan tazarar da ba ta kai mita ɗaya ba.

Masu ƙera kumbon gaske sun daɗe da warware wannan. A kumbon Apollo na Amurka, da Soyuz na Rasha, sanda biyu ɗan sama jannati ke riƙewa, ta dama don juyawa, ta hagu don gusawa. Dalilin kuwa ba wasa ba ne. A ranar 16 ga Maris 1966, Neil Armstrong da David Scott a cikin kumbon Gemini 8 na Amurka suka yi haɗa kumbo biyu na farko a tarihi, jim kaɗan ɗaya daga cikin ƙananan injinan kumbonsu ya maƙale a kunne. Ba iskar da za ta rage musu gudu, suka yi ta wulwulawa har juyin ya kusa kai zagaye ɗaya a daƙiƙa, sai da Armstrong ya kunna injinan da aka tanada don dawowa duniya ya tsayar da shi da hannu, aka katse tafiyar. Ina kawo wannan ne don a ga cewa a sararin samaniya iya sarrafa ƙarfin tunkuɗa shi ne tuƙin. Masu cewa joyistik da totur ne kaɗai "na gaske" kuma su sani cewa abin da suke riƙe da shi tsarin jirgin sama ne. Hasali ma kumbon Crew Dragon da ya kai Bob Behnken da Doug Hurley tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa a 2020, ta allon taɓawa suka gwada tuƙa shi da hannu.

Shi ya sa ni tsarin da na zauna a kai shi ne maus a dama, joyistik a hagu. In na tura sandar gaba kumbon ya yi gaba, in na kwantar da ita gefe ya gusa gefe, in na murɗa ta ya mirgina, sama da ƙasa kuma na bar wa babban yatsa. Hannun dama na saiti, na hagu na zulliya da sauka, kowanne da gwargwadon ƙarfin da nake so. Ba zan ɓoye aibinsa ba. Kwanakin farko ƙwaƙwalwa na rikicewa, domin hannu ya saba in an tura sanda gaba hanci ne ke sunkuyawa. Yawancin sandunan an ƙera su ne da siffar tafin hannun dama, sai an nemi irin wanda ake iya juya wa hagu, kamar Thrustmaster T.16000M. Wasu wasannin kuma ba sa yarda su saurari maus da joyistik a lokaci guda. Masu hali sukan sayi sanda biyu, wanda shi ne ya fi kusa da na Soyuz, sun sadaukar da ɗan kaifin saiti don samun santsin tuƙi.

Akwai inda nake sara wa masu joyistik da totur. Wanda fatauci ko yawon gano taurari ne aikinsa a wasa, yana tafiyar awa da awanni ba faɗa, daɗin riƙe totur a hannu wani abu ne da maus ba zai ba shi ba, kuma daɗi ai shi aka zo nema. Haka wanda ke sa gilashin nan da ke rufe ido ya jefa mutum cikin wasan, ba ya ganin kibod, dole duk maɓallan su kasance a ƙarƙashin yatsunsa. Masu wasannin ma sun san da bambancin saiti, shi ya sa a Elite Dangerous akwai bindigogi masu bin abokin gaba da kansu, sai dai an rage musu ƙarfi, kuma ana iya ruɗa su. A Kerbal kuwa, in ka cire haɗa kumbo da sauka, yawancin aikin lissafin hanya ne a kan taswira, maus ya wadatar.

Ga mai niyyar saye, abu biyu zan ce ya duba. Na farko abin da ke auna motsin sandar a ciki. Masu araha galibi da wani ɗan ƙarfe mai gogar ɗan'uwansa suke aiki, yau da gobe ya cinye, sai ka saki sanda amma kumbo na ta karkata shi kaɗai. Maganin da ake yi shi ne a faɗaɗa wurin da wasa ke yin biris da motsi a tsakiya, wanda kuma a tsakiyar nan ne ake yin duk aikin hankali. Masu aiki da maganaɗisu ba sa gogayya, sun fi ƙarko. Na biyu nauyin gindinsa: sanda marar nauyi tana ɗagowa daga tebur daidai lokacin da faɗa ya yi zafi. Kafin ma a kai ga saye, wanda ke da abin riƙewa na wasan bidiyo mai ƙananan sanduna biyu ya jona shi ya gwada, ya ba sandar hagu aikin gusawa. Cikin 'yan kwanaki zai gane ko abin da ke damunsa saiti ne ko tuƙi.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne duk lokacin da shafinku na kimiyya da fasaha zai yi sharhi a kan irin waɗannan wasanni, marubucin ya riƙa faɗa mana da me ya buga, maus ne ko sanda, kuma yaya ya raba aikin tsakanin hannayensa. Sau da yawa in an ce wasa na da wuyar sarrafawa, da abin da bai dace da shi ba aka buga shi.

Na gode da wannan fili da aka ba ni. Allah Ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Wassalam,
Mai bibiyar shafinku na fasaha