Amsa ga Alhajin da ya kira mu mahauta

Alhaji, assalamu alaikum.

A shirin rediyo ka kama sunana ka tambaya: me ya sa mai ƙari a jijiyar kunne ke shiga tiyata wurinmu ya fito kunne ɗaya a mace, alhali a waje ana ceto ji? Har ka ce likitoci ne mu ko mahauta. Zancen tsadar aiki na bar shi, ba ni ke yanka kuɗi ba. Mahauci kam, ba zan haɗiye shi ba.

Wannan ƙari ba daji ba ne. Yana tsirowa ne cikin wata 'yar kafa a ƙashin kunne, tsawonta kamar santimita 1, inda jijiyar ji da ta fuska suke kwance kafaɗa da kafaɗa. Hanyar jinin da ke ciyar da can cikin kunne siririya ce kamar gashi. Ta tsinke ko ta toshe, ji ya tafi, ko da ba a taɓa jijiyar ba. William House, likitan tiyatar kunne na Los Angeles, ya fito da hanyar shiga ta saman kunne a 1961, wadda ake ceto ji da ita, amma ta ƙananan ƙari ce. Shi ɗin dai ya yaɗa hanyar da ake ratsa cikin kunne, ana sane ji ba zai tsira ba. A Amurkan ma sai ƙarin na ƙarami, kuma kunnen na kama aƙalla rabin kalmomin gwajin ji, ake sa ran tsirar da shi.

Su wa ke zuwa mana? Mutumin da ya yi shekaru yana mayar da waya ɗaya kunnen, yana ɗiga maganin kemis. Sai ya fara tangaɗi da amai a kawo shi, ƙarin ya kai santimita 4 yana danne ƙwaƙwalwa. Kunnen ya riga ya mutu. Abin da ya rage in tsare shi ne rai, sai fuska, don kada baki ya karkace, ido ya ƙi rufuwa, ruwa ya riƙa zuba in yana sha. Iyalan waɗanda na yi wa aiki suna garin nan, ka tambaye su.

Ba ɓoyayye ba ne, Alhaji, kana da ofishin kai marasa lafiya Indiya da Masar. Nemi halalinka, amma kada ka tsorata mutane da mu. Ka sa asibitin can ya rubuta maka cewa zai ceto ji a ƙari mai santimita 4.

Da ma tambayarka ita ce me ya sa hoton MRI, wanda ke nuna ƙarin, ya fi ƙarfin talaka, me ya sa na'urar sa ido kan jijiya lokacin tiyata ta yi ƙaranci a asibitocinmu. Ka koma gidan rediyon da wannan, zan zo in zauna kusa da kai.

Wassalam,
Likitan tiyatar ƙwaƙwalwa