Ranar Ƙarshe a Ƙasar Waje: Matafiyi Shi Kaɗai Ya Fara Lissafi Daga Lokacin Tashin Jirgi

Ranka ya daɗe Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani ɓangare na tafiya ƙasar waje wanda ba a cika tattaunawa a kansa ba. Shawarwarin da ake ba matafiyi kusan duk a kan shirin fita suke: neman biza, yankan tikiti, kama otal. Ranar dawowa kuwa sai a bar wa sa'a, alhali a ranar aka fi tafka asara, musamman ga wanda yake shi kaɗai a babban birni. In mutum biyu ne, ɗaya zai tsare kaya ɗaya ya shiga layi, ɗaya zai tashi ɗan'uwansa daga barci, ya tambaye shi ina fasfo. Wanda yake shi kaɗai ba shi da wannan gatan. Abin da ya manta ya mantu ke nan.

Ba daga safiya ake fara lissafin ranar ƙarshe ba. Daga lokacin tashin jirgi ake farawa, a yi ta komawa baya. A ɗauka jirgi zai tashi ƙarfe 9:40 na dare. Yawancin kamfanoni suna rufe ƙofar shiga jirgi saura minti 20 ko 15 a tashi, kantar karɓar kaya kuma suna rufe ta saura awa ɗaya, wato 8:40. In aka rufe, ko kana tsaye a gaban kantar ba za a saurare ka ba. Don haka ake cewa a isa filin jirgi saura awa 3, wato 6:40. Mai niyyar karɓo harajin kayan da ya saya sai ya ƙara awa guda, ya koma 5:40. A ƙara awa guda ta hanya da rabin awa na cunkoso ko ɓatan kai, an dawo 4:10. Komawa otal a ɗauki akwati zai ci wani rabin awa. Ashe ranar da mutum yake gani kamar yini guda cur ce a hannunsa, da misalin uku da rabi na rana ta ƙare. Wanda ya yi wannan lissafin tun daren jiya zai yi yawonsa hankali kwance. Zuwa da wuri dai ya fi zuwa da wuri-wuri.

Akwai tarko biyu a jikin tikiti. Na farko jirgin tsakar dare. In an rubuta 00:45 ranar 15 ga wata, to a daren 14 ga wata za a tafi filin jirgi. Wanda ya bari sai daren 15, jirginsa ya tashi da kusan awa 24. Kuma asarar ba ta tsaya nan ba, domin in mutum bai shiga jirgin farko ba, kamfani yakan soke sauran zangon da ke kan tikitin gaba ɗaya. Lokacin da ke kan tikiti kuma na agogon garin da jirgin zai tashi ne, ba na gida ba, saboda haka a tabbata wayar da za ta buga ƙararrawa tana kan lokacin garin.

Na biyu sunan filin jirgi. Manyan birane ba fili ɗaya ke gare su ba. Landan tana da shida: Heathrow, Gatwick, Stansted, Luton, City da Southend. Paris tana da Charles de Gaulle da Orly, ga kuma Beauvais da ake jingina mata duk da yana nesa da birnin da fiye da kilomita 80. Istanbul tana da babban fili a ɓangaren Turai, da Sabiha Gökçen a ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce mai tsawo da ƙetare ruwa. Haruffa uku da ke kan tikiti su ne abin dubawa: LHR (Heathrow) daban, LGW (Gatwick) daban, IST (babban filin Istanbul) daban, SAW (Sabiha Gökçen) daban, haka ma DXB daban, DWC daban a Dubai. Ba lallai ne filin da mutum ya sauka ya zama nan zai tashi ba. Bayan sunan fili sai lambar sashe, don Heathrow kaɗai sassa huɗu ke aiki, 2, 3, 4 da 5, kuma in ban da tsakanin 2 da 3 da ake iya takawa a ƙafa, tsallakawa daga wani zuwa wani sai da jirgin ƙasa ko bas.

Batun biza ma a ranar ƙarshe yake tayar da kai. A jikin bizar Schengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, akwai abu biyu da ake rikitawa: ranakun da bizar take aiki, da adadin kwanakin da aka yarda mutum ya zauna. Biza tana iya aiki na wata uku amma kwana 15 kacal aka bayar. Ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su, ko da mutum ya shigo ƙarfe 11 na dare. Ƙetare wa'adi da kwana ɗaya ma yana iya jawo tara ko ya ɓata neman biza na gaba. A ganina kuskure ne a yanki tikitin dawowa a ainihin ranar da wa'adi ke cika. A bar kwana ɗaya ko biyu saboda soke jirgi.

Haɗa kaya aikin daren jiya ne. Yawancin kamfanoni suna ba da kilo 23 ga kowane akwati a kujerun talakawa, jakar hannu kuma kilo 7 ko 8. In tikiti ya ce akwati biyu masu kilo 23, ba a yarda a kawo ɗaya mai 30 ɗaya mai 16 ba, kowanne da awonsa. Akwatin da ya wuce kilo 32 kuwa galibi ba a karɓarsa ko da kuɗi, saboda lafiyar masu ɗaukar kaya. A nemi sikeli a otal, ko a sayi ƙaramin na hannu. In ya tabbata kaya sun yi yawa, sayen ƙarin kilo ta manhajar kamfanin tun kafin a je ya fi sauƙi a kan biya a kanta. Buɗe akwati a tsakiyar filin jirgi ana rage kaya, ga layi yana tafiya, ga babu mai tsare maka jaka, a nan ake zubar da fasfo da waya.

Abin da zai shiga jakar hannu da wanda zai shiga akwati, kowanne da dokarsa. Duk wani abu mai ruwa-ruwa, turare, man shafawa, man goge baki, kada mazubinsa ya wuce mililita 100 in a jakar hannu yake, kuma a haɗa su a leda mai nuna ciki mai cin lita ɗaya. Girman kwalbar ake dubawa: kwalba mai mililita 200 da saura kaɗan a ciki, ƙwace ta za a yi. Tun 2006 aka kafa wannan doka, kuma ko da yake wasu filayen da suka sa sababbin na'urorin bincike sun sassauta, filin da za a canja jirgi yana iya kasancewa a kan tsohuwar. Fawa-bank da batir na daban kuwa akasin haka ne: ba a sa su a akwatin da zai shiga cikin jirgi daga ƙasa, domin batirin litiyom in ya kama wuta a can ba mai gani. Iyakar ƙarfin batir da ake yarda ba tare da izini ba ita ce Wh 100 (Wh da mAh awon ƙarfin batir ne). Mai mAh 20,000 yana kusan Wh 74, ya shiga. Magani, caja, takardu da kayan sawa na canji ɗaya su zauna a jakar hannu.

Otal yakan so a bar ɗaki ƙarfe 11 ko 12 na rana. Mai jirgin dare ya nemi ƙarin lokaci tun jiya, wasu suna ba da awa ɗaya ko biyu kyauta in babu baƙo mai jira. In ba a samu ba, kusan kowane otal yana ajiye akwati har yamma, a dai karɓi 'yar takardar shaida. Wanda ya kama gida ta Airbnb, manhajar hayar gidaje na ɗan lokaci, ba shi da wannan damar, sai ya nemi ma'ajiyar kaya a manyan tashoshin jirgin ƙasa, ya kuma tambayi ƙarfe nawa suke rufewa kafin ya ba da kayansa. A karanta lissafin otal layi-layi. Birane irin Paris da Dubai suna karɓar harajin kwana a kan kowane dare, wannan halas ne; abin sha na firjin ɗaki da mutum bai taɓa ba, a ce a cire. Kuɗin da otal ya riƙe a katin banki ranar shiga yakan ɗauki kwanaki kafin ya dawo, kada a dogara da shi wajen biyan tasi. Sai akwatin sirri na ɗaki, inda aka fi barin fasfo. Dabarar da ta fi aiki ita ce a sa takalmi ƙafa ɗaya na wanda za a sa gobe a ciki tare da fasfon. Ba wanda zai fita da ƙafa ɗaya.

Sa'o'in da suka rage a kashe su kusa da otal ko a kan layin jirgin ƙasan da ke zuwa filin jirgi. Ba ranar zuwa wani gari ba ce, ba kuma ranar wurin da sai an bi dogon layi ba. A duba ranakun hutu: gidan tarihi na Louvre a rufe yake ranar Talata, kuma ba ya barin a shiga da manyan jakunkuna; babbar kasuwar rufi ta Istanbul ba ta ci ranar Lahadi; a Jamus yawancin shaguna ba sa buɗewa ranar Lahadi sai na tashoshi da filayen jirgi. Wanda ya bar sayen tsaraba sai ranar ƙarshe yana iya tarar da ƙofa a garƙame.

Harajin VAT da ake mayar wa baƙi kuɗi ne mai kauri ga wanda ya yi sayayya, amma tsarin bi da bi ne. A shago ake cike fom ɗin, da fasfo, ranar sayayya. Rasit kaɗai bai wadatar ba. A Faransa sai sayayyar ta haura yuro 100, a Daular Larabawa dirhami 250. A filin jirgi kuma a fara zuwa wurin kwastan ko na'urar tantancewa kafin a miƙa akwati, domin suna iya cewa a nuna kayan, in sun riga sun shige ciki shi ke nan. Mai yawo a ƙasashen Tarayyar Turai a ƙasar ƙarshe da zai fita ake buga masa hatimi. Birtaniya kuwa ta daina wannan tsari a Ingila, Sikotland da Wales tun farkon 2021, kada a ɓata lokaci ana neman kantarsa a Heathrow.

Sulalla a kashe su, 'yan canji ba sa karɓa. In na'urar biyan kuɗi ta tambaya ko a cire da kuɗin ƙasar da ake ciki ko da na ƙasar katin, a zaɓi na ƙasar da ake ciki, ɗayan farashin canjinsa ya fi tsada. Tsabar kuɗi da ta kai yuro 10,000 wajen fita daga Tarayyar Turai dole a bayyana ta ga kwastan; a Amurka abin da ya haura dala 10,000 ne. Riƙe kuɗin ba laifi ba ne, ɓoye shi ne laifin. A kuma ware kuɗin tasi daban a aljihu, saboda jirgin ƙasa yakan tsaya ko ma'aikata su shiga yajin aiki, kuma a birane da yawa ba ya aiki tsakar dare zuwa asuba. Mai jirgin ƙarfe 6 na safe ya tsara motarsa tun jiya.

Tabbatar da kujera ta intanet yakan buɗe saura awa 24, wasu kamfanoni 48. A yi shi, a ɗauki hoton katin shiga jirgi a ajiye a waya, don data tana iya ƙarewa daidai lokacin da ake buƙatarta. Hoton fasfo da biza su kasance a imel. In fasfo ya ɓace, matakin farko rahoton 'yan sanda, na biyu ofishin jakadanci domin takardar tafiya ta gaggawa, kuma ofisoshin ba sa aiki a ƙarshen mako.

A filin jirgi mutum shi kaɗai ba ya barin jaka ko na minti ɗaya, har banɗaki da ita ake shiga. Jakar da aka gani ba mai ita jami'an tsaro suna iya lalata ta. Kada a karɓi saƙon kowa, komai tsufansa ko kyan fuskarsa. Doka mai riƙe da kaya ta sani, kuma a ƙasashe irin Singafo da Saudiyya hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi yana kaiwa ga kisa. Da an miƙa akwati a duba haruffa ukun da aka manna masa ko na garin da za a sauka ne, a adana ɗan guntun rasit ɗin. In tikiti biyu ne daban-daban, kaya ba za su wuce da kansu ba, sai an karɓa an sake miƙawa, wanda kan buƙaci bizar ƙasar da aka yada zango.

In jirgi ya makara, a nemi kamfani ya ba da dalili a rubuce. Dokar Tarayyar Turai mai lamba 261 ta 2004 ta tanadi diyyar yuro 250 zuwa 600, gwargwadon nisan tafiya, ga wanda ya tashi daga ƙasashenta ya isa a makare da awa 3 ko fiye, kowane kamfani ne, sai dai in dalilin ya fi ƙarfin kamfanin kamar mummunan yanayi. Akwatin da ya iso a fashe kuma a cike takardar ƙorafi kafin a fita daga zauren ɗaukar kaya. Yarjejeniyar Montreal ta 1999 kan sufurin jiragen sama kwana 7 kacal ta bayar na kai ƙorafi ga kamfanin a rubuce.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Wani mai karatu