Kafin a Zare Ƙwan Wutar Injin, a Duba Hanyar Tururin Fetur

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka mai farin jini in yi magana a kan ƙaramar wutar nan mai ruwan ɗorawa da siffar injin, wadda ke kamawa a gaban direba, kanikawa kuma na kiranta cek-injin. A ganina babu wutar da ake zalunta a garejojinmu kamarta, domin ko dai a manna mata baƙin salatif, ko a zare ƙwanta, ko a sa mai mota ya yi ta sauya kayan da lafiyarsu ƙalau. Ni ma na ɗanɗana wannan wahala a bara.

Motata tokumbo ce daga Amurka, ƙirar 2010. Wutar ta kama alhali mota na tafiya lafiya, ba ta rage ƙarfi ba, ba ta kuma ɗaukar zafi. Abu guda na lura da shi, wato duk ranar da na sha mai sai ta yi gardamar tashi a gidan man, sai na yi ta murza makulli ina taka totur kafin ta kama, sannan silonta ya yi ta rawa na ɗan lokaci. Bakaniken farko ya sauya fulogai, ya wanke nozul, ya cire kan batir ya mayar, wutar ta mutu, na biya na tafi ina murna. Kwana uku ta dawo. Na biyu ya rantse famfon mai ne, har ya rubuta mini abin da zan sayo a Ƙofar Ruwa. Allah ya haɗa ni da wani matashin rewaya wanda ya ce, "Alhaji, a bari mota ta faɗi ciwonta da kanta tukuna." Ya jona na'urar gwaji a 'yar kafar nan mai haƙora 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ga lamba P0441 ta fito, wadda ke nuna matsala a hanyar da injin ke zuƙe tururin fetur.

Bayanin da ya yi mini shi ne fetur yana tururi a cikin tanki ko da mota a ajiye take, balle a zafin bazarar ƙasarmu. Tun farkon shekarun 1970 dokar Amurka ta hana a bar wannan tururi ya fita iska, saboda haka ake tara shi a wani gwangwani mai cike da gawayi, galibi a ƙarƙashin mota kusa da tanki. Idan injin ya yi ɗumi, kwamfutar mota takan buɗe wani ƙaramin bawul da ke gaba, injin ya zuƙe tururin ya ƙone shi tare da mai. Akwai kuma bawul na biyu da ke shigar da iska cikin gwangwanin, wanda kwamfutar ke rufewa idan tana son ta gwada ko akwai wurin da ke yoyo. Motocin Amurka daga ƙirar 1996 duk suna ɗauke da tsarin OBD-II, wato tsarin da kwamfutar mota ke binciken kanta ta ba da irin waɗannan lambobi, kuma yawancinsu na iya gano huda mai faɗin milimita 1, na baya-bayan nan ma har rabin milimita. Ke nan robar murfin tanki da ta tsage ta isa ta kunna wutar.

A nan ne ake yawan kuskure, har a wajen masu na'urar. Lambar da ta fito tana nuna sashen da matsala take ne, ba ta ce ga kayan da za a sauya ba. P0455 na nufin babban yoyo, kuma sau da yawa murfin tanki ne ba a ɗaure da kyau ba. P0442 ƙaramin yoyo ne, P0456 kuwa wanda ya fi shi ƙanƙanta. P0446 ta shafi ɓangaren shigar iska, wanda ƙurar hunturu da taɓon damina ke toshewa, abin da ba baƙo ba ne ga motar da ke bin hanyoyin ƙauyukanmu. Hankali shi ne a fara da abu mafi araha: a duba murfi da robarsa, a bi tiyo-tiyon a ga ko sun bushe sun tsage, sannan a gwada bawul-bawul ɗin. Idan yoyon ya ɓuya, akwai na'urar da ke hura hayaƙi a hankali cikin tsarin, a ga inda yake fitowa. Garejin da ke da ita bai da yawa a wurinmu, kuma da ƙungiyoyin kanikawa za su haɗa kuɗi su sayi ko da guda ɗaya ce a kowane babban gareji, da an rage asara mai yawa.

A tawa motar, rewayan ya zaro bawul ɗin gaba, ya sa baki ya hura, iska ta wuce sarai, alhali idan ba wuta a jikinsa ya kamata ya kasance a rufe gam. Ya buga shi a tafin hannunsa, sai ga baƙaƙen ƙwayoyin gawayi kamar tsakin gero suna zubowa. Ya dube ni ya tambaye ni ko ina cikin masu sa a cika tanki har wuya. Ban iya musu ba. Shekara da shekaru idan famfo ya katse da kansa sai in ce wa mai zuba mai ya ƙara, wani lokaci har a girgiza motar domin kuɗin su cika cif. To, wannan rarar ba a tanki take tsayawa ba, tana gangarawa ne cikin gwangwanin da aka yi domin tururi, ta jiƙe gawayin, ya ruɓuɓɓushe, ƙwayoyinsa su bi tiyo su maƙale a bawul. Da bawul ɗin ya tsaya a buɗe, tururin da sabon mai ya koro yakan cika injin, shi ya sa motar ke ƙin tashi a gidan mai kawai. Da hannuna na jawo wa kaina sayen gwangwani da bawul.

Ya kamata a san kuma dalilin da ke sa wutar ta ɓace ta sake dawowa, har a zargi bakanike ko a ce motar ce mai taurin kai. Cire kan batir yana goge lambar ne kurum, tare da bayanan da za su taimaki mai gyara, ciwon kuwa yana nan. Kwamfutar ba ta yin wannan gwaji sai sharuɗɗa sun cika, a motoci da yawa sai injin ya kwana ya huce kuma man tanki na tsakanin kashi 15 da 85 cikin ɗari. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, mutane da yawa na yawo da allura a ja, saboda haka gwajin kan yi makonni bai gudana ba, sai ranar da aka samu aka sha mai sosai wutar ta bayyana, a ɗora laifin a kan gidan man.

Wani zai ce tun da mota na tafiya, me ya sa za a damu. Gaskiya ne ƙaramin yoyon tururi ba zai tsayar da mutum a hanya ba. Sai dai wutar guda ɗaya ce ga matsalolin injin masu yawa, kuma wanda ya zare ƙwanta ba zai ga ranar da za ta fara ƙyaftawa ba, alamar da ke nuna injin na tsallake wuta, ɗanyen mai na shiga salansa yana ƙona matatar hayaƙin da kanikawa ke kira indomi, wadda kuɗinta ya ninka na murfin tanki sau da yawa. Ina roƙon masu gidajen mai su horar da yaransu su tsaya da zarar famfo ya katse ko da mai mota ya nace, masu sayen tokumbo kuma su kunna makulli ba tare da tayar da injin ba, su tabbatar wutar ta kama, domin idan ba ta kama ba to mai yiwuwa wani ya riga ya taɓa ƙwan.

Wassalam.

Naka,
Mai karatu daga Kano