Wasiƙa daga Garanada kan tsiron bakin rijiya

Assalamu alaikum, Malam Sani.

Ina fata kana lafiya, da Hajiya da yara. Yaya zafin Kano? Mu nan Sifen sanyi ne ya sa mu a gaba.

Wani ɗan tsiro ne ya tuna mini da kai. A jikin bangon wata tsohuwar magudanar ruwa na gan shi, cikin inuwa da laima. Ganyensa ƙanana ne kamar mafici, karansa baƙi wuluk, siriri kamar gashi. Ba ya fure. Wata irin ƙura ce a bayan ganyen take zame masa iri. Na tambayi wata dattijuwa sunansa, ta ce culantrillo de pozo, wato 'yar kuzbarar rijiya. Wallahi sai da na yi dariya ni kaɗai, don Larabawa ma kuzbaratul bi'ir suke ce masa, kalma da kalma. Kuzbara ganyen ƙamshi ne na girki, kuma suna kama. Ni dai na ce ba banza ba: daga 711 zuwa 1492 akwai mulkin Musulmi a Andalus, wato nan yankin Sifen, kuma garin nan Garanada ne na ƙarshe da ya fita hannunsu.

Sauran Turawa gashin suka gani. Turawan Ingila suna cewa maidenhair, gashin budurwa. Jamusawa Frauenhaar, gashin mace. Italiyawa capelvenere, gashin Binus, allahiyar soyayya ta Rumawan dā. A 1753 masanin tsirrai Linnaeus ya rubuta sunansa na kimiyya, Adiantum capillus-veneris. Kalmar farko Girkanci ce, ma'anarta abin da ba ya jiƙa. Na gwada kuwa, na yayyafa masa ruwa, ya gangare ya bar ganyen a bushe.

Sinawa suka ga wayar ƙarfe, Farisawa suka ce par-e siyawashan. Amma Turkawa ne suka gama da ni: baldırıkara, mai baƙin ƙwauri! Kamar sunan tsokana a dandali. In da zaɓi na Larabawa zan ɗauka, don shi yake gaya maka inda za ka same shi.

Don Allah in ka shiga Kurmi, tambayi masu magani ko suna da busasshensa, da sunan da suke kiransa. Ka gaida Baba da mutanen majalisa.

Abokinka,
Bashir