Baba ya ƙi barin ƙauye, ga shi ya fara cigiyar matattu

Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira. Duk mako ina jin shirinka a cikin Keke Napep ɗina, yau dai na ce bari ni ma in kawo kukana.

Ni ɗan wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Giwa amma shekara 11 ke nan ina Rigasa. Muna yara gidajen garinmu sun fi arba'in, yanzu in ka tsaya da magariba ka ƙirga inda hayaƙi ke tashi ba su kai takwas ba, wasu neman kuɗi ya fitar da su wasu kuma tsoron 'yan bindiga, daga mai tafiya Zariya sai mai Kaduna sai mai Abuja. Kasuwarmu tun da gwamnati ta dakatar da kasuwannin mako a 2021 aka kuma ɗauke sabis ba ta sake ci kamar da ba, rumfunan ma gara ta gama da su.

To matsalar Baba ce. Ya haura tamanin, Inna ta rasu shekara uku, daga shi sai wani ɗan ƙaninsa da ke kai masa tuwo. Ka tambaye shi yaushe ya gina zaurenmu, nan take zai ce shekarar da aka kashe Murtala, 1976, har magini zai faɗa maka da kuɗin azara. Amma abin da ya ci da safe bai sani ba. Kullum bayan la'asar sai ya ja buzunsa zuwa gindin tsamiya yana jiran abokan hira, alhali uku suna kabari, ɗaya yana wajen 'ya'yansa a Funtuwa. Ranar da na je ƙarshe ya ce min wai Liman ya makara, je ka taso shi. Liman ɗin da mu muka yi masa sallah da hannunmu.

Bara na ɗauko shi na kawo Rigasa, kwana tara kacal, ya fice da asuba neman tsamiyar nan, sai kusa da tashar jirgin ƙasa aka tsinto mana shi ba takalmi. Dole na mayar da shi, yana ganin rumbunsa wallahi har murmushi ya yi.

Yayata ta ce a ɗauko shi ko da ƙarfi, wai mutane za su ce mun yar da ubanmu, ita da ko ɗakin da za ta sa shi ba ta da shi. Ni kuma ina tsoron haƙƙinsa ta kowane ɓangare.

Malam, in bar shi can ne ko in tilasta masa? Sannan in ya tambayi wanda ya rasu, in faɗa masa gaskiya ya yi kuka sabo kamar yau aka yi, ko in ce ya yi tafiya? Don ni dai tafiya nake ce masa, kuma abin na damuna in na zo kwanciya.

Naka mai sauraro, daga Rigasa.