A riƙa ɗaure menu da sassan shafi don Allah

Malam Edita,

Assalamu alaikum, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka. Ka ɗan ba ni fili in yi magana da masu haɗa shafukan intanet, musamman ƙannenmu da suka fara koyon sana'ar.

Shekaranjiya na shiga wani shafi a wayata ina neman lambar da zan kira su, wallahi na yi ta jan allo da yatsa har na ƙosa, shafi ne guda ɗaya dogo kamar ba zai ƙare ba, ga menu a sama an rubuta "Tuntuɓe mu" amma in ka danna sai ya sake lodi ya dire ka inda ka baro. Haba jama'a.

Kuma fa gyaran ba wani abu ba ne. A HTML, wato harshen da ake rubuta shafin intanet da shi, sashen da kake so a sauka kansa sai ka raɗa masa suna da id, misali id="tuntuba", sannan a linkin menu ka rubuta href="#tuntuba". Shi ke nan. Wannan alamar # ita ke gaya wa burauza, wato manhajar buɗe shafukan intanet, cewa ba sabon shafi za a buɗe ba, gangarawa za a yi. Duk mai karanta Wikipedia ya san abin, in ka danna kan magana a jerin abubuwan da ke ciki ai tsalle yake da kai zuwa wurin. Masu WordPress, wato manhajar haɗa shafuka, ma ba sai sun taɓa kod ba, akwai gurbin sa wannan sunan a saitin kowane kan magana.

Inda ake tuntuɓe shi ne ƙananan abubuwa. Sunan bai son tazara a tsakani, kar kuma a ba sashe biyu suna ɗaya, sannan babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne a wurinsa, ka rubuta Tuntuba a can tuntuba a nan ka wuni kana zargin kwamfuta alhali laifinka ne, ni ma ta taɓa ci na. In kuma menu ɗin na fitowa a sauran shafuka to dole a sa adireshin shafin da sashen yake kafin #, in ba haka ba mutum zai yi ta dannawa shiru kake ji.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne menu mai manne a sama, ka danna ya kai ka wurin amma ya zauna daram kan layin farko ya rufe shi. Layi ɗaya na CSS, wato harshen tsara kamannin shafi, ke maganinsa, scroll-margin-top, ka ba shi tsawon menu ɗin. Mai son shafi ya gangara a hankali maimakon fizga sai ya ƙara scroll-behavior: smooth.

Kuma don Allah a gwada a waya kafin a miƙa aiki, wani menu ɗin in an danna ba ya rufuwa, shafin ya gangara a bayansa kai ba ka ma sani ba.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naku,
Wani mai karatu