Ciwon da 'yan mazan jiya ke dawowa da shi wanda ido ba ya gani

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da abokan aikinka. Na saurari shirin da kuka yi ranar 15 ga Janairu, ranar tunawa da 'yan mazan jiya, inda aka yi ta magana kan fansho da giratuti da marayun da aka bari. Duk gaskiya ne. Sai dai akwai abin da ba wanda ya taɓo, shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ni matar tsohon soja ce, na yi zaman bariki kusan shekara talatin kafin mu dawo gida Bauchi.

Maigidana ya je Laberiya da Saliyo a rundunar kiyaye zaman lafiya ta ECOMOG da ƙuruciyarsa, ƙarshen aikinsa kuma ya yi shi a dajin Borno. Ya dawo da ƙafa biyu da hannu biyu, 'yan uwa suka cika gida ana barka da arziki. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ni na san ba haka ya tafi ba. Cikin dare sai ya zabura, jiki sharkaf da gumi, yana kiran sunayen mutanen da ban sani ba. Ba ya zama ya juya wa ƙofa baya. Idan salansar babur ta yi ƙara a layi sai ka ga ya duƙa. Ranar hawan sallah, da 'yan bindiga suka fara harba bindigoginsu na gargajiya, ɗaki ya shige ya kulle har magariba, shi da a da yake ɗaukar yara a wuya su je kallon dawakai ƙofar fada. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne ranar layya: da an fara babbakar kai da ƙafa sai ya bar unguwar gaba ɗaya. Sai bayan shekaru ya iya gaya mini abin da ƙaurin nan yake tuna masa.

Dangi suka ce aljanun daji ne suka biyo shi, wasu suka ce sammu ne. An yi ruƙiyya, an sha rubutu. Ban raina addu'a ba, har gobe muna yi, kuma tana sanyaya masa zuciya. Amma mafarkin bai daina ba. Wani mai kemis ya riƙa ba shi baliyam don ya samu barci, ya sha har ya zama ba ya runtsawa sai da shi, faɗa da yara kuwa sai abin da ya ƙaru. Ƙanwata ma'aikaciyar jinya ce ta matsa muka je wurin likitan ƙwaƙwalwa. Da ƙyar ya yarda, cewa yake yi, “Hajiya, ni za ki kai asibitin mahaukata?”

A nan na fara jin cewa abin yana da suna. Likitoci suna kiransa PTSD, wato ciwon firgici da ke biyo bayan mummunan tashin hankali. Tun yaƙin duniya na farko aka lura da shi a jikin sojoji, kuma a 1980, bayan yaƙin Biyetnam, likitocin Amurka suka sa shi cikin littafinsu na cututtuka. Ba hauka ba ne, ba kuma ragwanta ba. Jikin da ya daɗe cikin haɗari ne ya saba da shirin ko-ta-kwana, ya kasa gane cewa an dawo gida.

Yadda aka duba shi ya ba ni mamaki, don babu allura babu ɗibar jini a farkon. Hira ce. An tambaye shi ko abin da ya faru yana dawo masa a mafarki ko ido biyu, ko yana guje wa wurare da maganganun da ke tuna masa, ko yana ɗora wa kansa laifin mutuwar abokansa, ko yana yawan razana da saurin fushi. Ka'idar ita ce sai alamomin sun wuce wata ɗaya kuma suna hana mutum harkokinsa. Akwai wata takarda mai tambayoyi 20 da ake kira PCL-5, ya cika ta ranar farko, aka riƙa maimaitawa don a ga ko ana samun sauƙi. Likitan ya tambayi ko bam ya taɓa tashi kusa da shi, saboda buguwar kai ma tana kawo mantuwa da fushi. Ya tambayi maganar ƙwaya, tiramadol da kodin da sauransu. Ya kuma tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Amsar da na ji ranar ta hana ni barci, amma gara da aka tambaya.

Maganin kuwa, ginshiƙinsa zama ne da ƙwararre mako-mako, kamar sau goma sha biyu. A hankali ake sa mutum ya faɗi abin da ya gani, ya maimaita, har tunawar ta daina kaɗa masa hanji. Ana kuma warware masa tunanin da ya ƙulle, irin na “da ban ce ya hau motar gaba ba da yana raye”. An haɗa masa da maganin ciwon damuwa mai suna satralin, wanda sai ya yi makonni kafin a ga aikinsa. Baliyam ɗin kuwa an janye masa shi sannu-sannu, don likitan ya ce irinsa ba ya warkar da wannan ciwo, sabo kawai yake jawowa, kuma yanke shi farat ɗaya haɗari ne. Ba zan ce ya koma kamar da ba. Amma bana shi ya riƙe ragon layya, ya kuma zauna a tsakar gida har aka gama aiki.

Malam Edita, mu mun yi sa'a muna da 'yar uwa a asibiti. Sauran fa? Tun Yulin 2009 da rikicin Boko Haram ya ɓarke, a Dutsen Tanshi nan cikin Bauchi ma aka fara, ake kwasar 'ya'yan mutane zuwa fagen daga, wasu su shekara biyu uku ba a canza su ba. Soja ba zai buɗe baki ya ce yana tsoro ba, gudun kada a ce masa rago ko a tsallake shi wurin ƙarin girma. To tunda ba zai faɗa ba, a tambaye shi. Duk wanda ya dawo daga daji, da duk wanda za a sallama, a zauna da shi a asirce a yi masa waɗannan tambayoyi kamar yadda ake auna hawan jini. Ana tura masu shirin ritaya Oshodi a Legas su koyi sana'a, abu mai kyau, amma wanda bai yi barcin awa uku ba ina zai iya riƙe shago?

Sannan a kawo maganin kusa. Manyan asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya suna wurare irin su Maiduguri da Kaduna, tsohon kofur da ke zaune a Ningi ko Dukku da ɗan fanshonsa ba zai iya zirga-zirgar mako-mako ba. Muna da asibitin koyarwa a Bauchi, akwai na tarayya a Gombe, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane irin waɗannan cututtuka. Dokar kula da lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta ba marar lafiya haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Ƙungiyar tsofaffin sojoji ta san gidan kowa, ita ce ta fi dacewa ta riƙa haɗa su da likita. Kada a manta da 'yan sanda da 'yan sa-kai da maharba, abin da soja ya gani su ma sun gani. Mu mata kuma a koya mana abin da za mu yi idan mutum ya zabura cikin dare, don ni da kuskure na koya, har da tabo a goshi.

Roƙona shi ne ku ware shiri guda, ku gayyato likitan ƙwaƙwalwa da malamin addini su zauna tare, ku buɗe layin waya, kada kuma a tilasta wa mai kira faɗin sunansa. Ku sa shi bayan isha'i, lokacin da maza suke gida. Na karanta wa maigidana wasiƙar nan kafin na aiko, ya ce in rubuta cewa idan kun yi shirin zai kira.

Wassalam.

Matar wani tsohon soja,
Bauchi.